Da Jinin Vinodini Ya Ragu

Shekara goma sha ɗaya Vinodini ta yi tana zubar da jini duk wata kamar an yanka akuya, ba wanda ya taɓa kiran taron dangi a kai. Jinin ya ragu na wata uku kacal, sai gida ya ruɗe kamar an yi rasuwa.

Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata ta garinsu, can kusa da Ottapalam. Shekararta arba'in da ɗaya, 'ya'yanta biyu duk suna kwaleji a Coimbatore. A waɗancan shekarun, in al'adarta ta zo sai ta kwana tara tana abu ɗaya. Tana rubutu a allo tana ƙirga mintocin da suka rage ta isa banɗaki. Ta ƙware wajen fita daga aji da baya-baya, fuskarta na kallon ɗalibai, har yaran suka ɗauka wani sabon salon ladabi ne. Sau biyu tana faɗuwa a taron safe, aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa ofishin shugaba.

Ba wai an bar ta babu magani ba. Kawun mijinta, Achuthan Vaidyar, mai maganin gargajiya na Ayurveda ne, ɗan mai magani, jikan mai magani, kuma ba ya bari kowa ya manta. Duk Lahadi yana zuwa cin abincin rana gidan ƙanwarsa Karthyayani, wato surukar Vinodini. In ya wanke hannu sai ya kama wuyan hannun Vinodini da yatsu uku, ya lumshe ido.

"Pitta ce," in ji shi. "Zafi ya yi wa jinin yawa. Amma ana samun ci gaba."

Haka aka yi ta samun ci gaba shekara goma sha ɗaya, har leɓɓanta suka koma launin toka.

Wata Asabar ta ce da mijinta Sadanandan ko ya kai ta Thrissur wurin likitar mata ko ta hau bas ita kaɗai. Ya kai ta. Sun ce wa Mama za su je duba firji. Likitar ta dubi takardar gwajin jini, ta dubi Vinodini, ta ce, "Da ƙafarki kika shigo nan?" Bayan hoto da gwaje-gwaje aka saka mata 'yar roba a mahaifa, irin mai rage zubar jini, aka haɗa ta da ƙwayoyin ƙarin jini. A hanyar dawowa Sadanandan ya tsayar da mota a gindin wata bishiya ya haɗa hannuwa biyu.

"Vinu, ki rufa min asiri. Kada Mama ta ji, balle Kawu. A ce matar gidan Vaidyar ta je an cusa mata roba? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kake kallona ina faɗuwa," ta ce. Amma ta yarda. Ta gaji, kuma ta ɗauka ba wanda zai lura da abin da babu.

Ashe ba ta gama sanin surukarta ba. Karthyayani ba ta iya karanta rubutun jikin kwalbar magani sai da tabarau, amma tana hango abin da ke kan igiyar shanya daga ƙofar gida. Ta lura an daina wanke zanin gado da asuba. Ta lura ƙunshin audugar mata da ke cikin kabad ya ga wata uku bai ƙare ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali, ta ga matar ɗanta tana hawa bene da bokitin ruwa tana waƙa.

"Zo nan, 'yata. Kwana nawa kika yi wannan watan?"

"Biyu, Mama. Shi ma ɗan kaɗan."

"Krishna!" Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Biyu? To sauran jinin ina yake tafiya?"

"Yana jikina, Mama. Ina jin can ne wurin zamansa."

"Rufe min baki. Mugun jini ne yake taruwa. Haka ya yi wa Sarojini ta bayan haikali, ya hau mata kai, yanzu da kaji take hira."

Ranar Lahadi Kawu ya zo, aka ba shi labari tun kafin ya cire takalmi. Ya kama hannun ya lumshe ido, ya daɗe fiye da kullum. Vinodini ta dubi mijinta. Mijin ya sami wani abin sha'awa a jikin fankar sama.

"Hmm," in ji Kawu. "Abin da nake tsoro ke nan. Maganina ya yi ƙarfi da yawa. Na kashe zafin, sai vata ta samu fili. Iska ce ta shiga ta busar da hanyoyin. Laifina ne, hannuna ya cika kaifi."

"Kai, Yaya, ai ba laifinka ba ne," in ji Karthyayani. "Jikin matan yanzu ne ba ya ɗaukar magani mai kyau."

Da haka aka juya akala. Abin da aka shekara goma sha ɗaya ana sanyayawa, yanzu sai a ɗumama shi. Da asuba, kafin ta sa komai a baki, cokali uku na man shanu narkakke. Bayansa ruwan baƙin riɗi da aka dafa da mazarƙwaila, kofi guda, mai kauri kamar kunu. Da rana miyar ɗanyar gwanda, yau gwanda, gobe gwanda, har bishiyar bayan gida ta ƙare aka koma ta maƙwabta. Bayan kowane abinci wani baƙin ruwan magani mai suna kumaryasavam, wanda ɗacinsa ke bin mutum har aji na uku. Aka hana ta kofi. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, don ita in ba ta sha kofi ba ko sunan ɗalibanta ba ta iya tunawa.

"Sadetta," ta ce da mijin a ɗaki, "ka ga abin da ka ja min?"

"Haba, Vinu, riɗi ne fa. Riɗi ya taɓa kashe wani? Ki daure wata ɗaya, za su gaji."

"Kai ka sha mana."

"Ni ai ba ni da matsalar."

"Nima ba ni da ita. Matsalar ke nan."

Ba su gaji ba. Wata ya zagayo, jini ya leƙo kwana ɗaya da rabi ya koma. Karthyayani ta karɓi labarin kamar an ce ɗanta ya faɗi jarrabawa. Kafin mako ya fita, duk unguwa ta sani. Mai kawo madara ya tambayi Vinodini ya jiki da wata irin murya ƙasa-ƙasa. Matar da ke sayar da furanni a bakin haikali ta riƙe mata hannu ta ce ta jiƙa hulba ta kwana. Wata gwaggo da ke Dubai, wadda ko ɗaurin aurenta ba ta zo ba, ta bugo waya takanas ta tambayi launin jinin, ja ne wur ko ya yi duhu. Lokacin da take jiƙa zanin gado biyu a dare ɗaya ba wanda ya taɓa tambayar launi.

Kawu ya ƙara ƙaimi. Ya ce cikin na buƙatar shara, aka ba ta man zurma ranar Asabar, ta wuni tana zirga-zirga tsakanin gado da banɗaki, surukarta na zaune a bakin ƙofa tana ƙirga sawu da farin ciki. Aka ɗauko wata mata ta riƙa zuwa tana mulke ta da mai mai ɗumi, har ɗalibai suka fara buɗe tagogi in ta shigo. Rigunanta suka matse saboda man shanu. Kumatunta suka ciko, leɓɓanta suka yi ja, abin da ƙwayoyin Thrissur da take haɗiya a ɓoye a ɗakin malamai suka daɗe suna yi. Kawu ya dube ta ya girgiza kai.

"Kun gani? Jinin da ya ƙi fita ne yake bayyana a fuska."

A wata na uku ya zo da fuskar babban al'amari. Ya ce maganin baki ya kai iyakarsa, saura babban aiki, wanda ake zuba mai mai magani kai tsaye a cikin mahaifa. Shi namiji ne, kuma kawu, ba zai yi da hannunsa ba. Akwai wata likitar Ayurveda a Shoranur, Dakta Prasannakumari, wadda ya ce ɗalibarsa ce, don ta taɓa zama a shagonsa sati biyu shekara ashirin da suka wuce. Ya riga ya yi mata waya. Ranar Laraba.

Vinodini ta ja mijinta ɗaki. Riɗi daban, zuba mai a kan roba daban.

"Yanzu sai ka faɗa musu," ta ce da Sadanandan.

"Bari bikin Onam ya wuce. Kwana goma ne. Kada mu ɓata wa Mama biki."

"Laraba jibi ce."

"To ki ce kanki na ciwo."

Karthyayani ce ta raka ta, riƙe da lema da goran ruwan zafi. Wurin Dakta Prasannakumari ɗaki biyu ne a saman wani shagon yadi, ga ƙamshin saiwoyi, ga na'urar awon jini a kan tebur. Mace ce gajera mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta dubi tsohuwar da ta riga ta gyara zama a kujerar marar lafiya.

"Wace ce ba ta da lafiya a cikinku?"

"Ita ce. Amma ni na san bayanin."

"To ki riƙe shi da kyau a waje, Mama, zan kira ki."

Da aka rufe ƙofa ta kama hannun Vinodini, ta duba harshe, ta ja fatar ido. Ta tambayi yadda al'adar take a da. Vinodini ta faɗa. Ta tambayi yadda take yanzu.

"Ciwon mara? Jiri? Zafin jiki da dare? Gashi na zuba?"

"Babu."

"To jinin kogi guda ba ya komawa cokali don an sha ruwan sanyi. Me aka yi miki? Faɗa min yanzu, ko in gani da idona in kin hau gadon can."

Vinodini ta faɗa, tana kallon yatsun ƙafarta kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Likitar ta saurara har ƙarshe, ta nemi takardun Thrissur, Vinodini ta zaro su daga cikin littafin lissafi na aji tara inda suka yi wata shida a ɓoye.

"Bakwai," in ji Dakta Prasannakumari tana duba awon jinin farko. "Da bakwai kike koyar da yara. Shi kuma Vaidyar me yake cewa lokacin?"

"Ana samun ci gaba."

"Ai kuwa. Saura kaɗan ki ci gaba gaba ɗaya." Ta ajiye takardar. "Ji nan, ƙanwata. Ƙarancin jinin al'ada ciwo ne a wurinmu in yana da dalili na ciwo. Mace ta rame, ko ta yi ƙiba ta toshe, ko damuwa ta cinye ta, ko wani abu ya taɓa ƙwan mahaifa. Irin waɗannan ina ganinsu kullum, riɗin nan da kike raina yana yi wa wasunsu amfani, wasu kuma ina tura su hoto. Ke naki aikin robar ne, kuma abin da aka saka ta ta yi ke nan. Da na zuba miki mai a kanta, da yanzu muna wani zancen. Ki bar man shanun nan kafin ki kasa shiga ƙofar aji. Ki ci zogale da dabino, ki ci gaba da ƙwayoyinki."

"Kofi fa?"

"Wa ya hana ki kofi?"

Saura kaɗan Vinodini ta rungume ta.

"Dakta, ko za ki ce musu kin duba kin ga komai lafiya? Ba sai an ambaci robar ba."

"Sirrinki naki ne, ba zan faɗa ba. Ƙarya kuma ba zan yi miki ba. Zan ce aikin bai dace da ke ba, in sun tambayi dalili in ce su tambaye ki. Shekararki nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Mahaifar ta wa ce?"

Vinodini ta mayar da takardun cikin littafin. A bas surukarta ta yi ta mita har gida, wai likitocin yanzu sun yi karatun jami'a sun manta da gaisuwa.

Ranar Onam gida ya cika. Yaran sun zo daga Coimbatore, ga Kawu da matarsa, ga ƙannen Sadanandan biyu da iyalansu. Aka shimfiɗa ganyen ayaba a jere a tsakar gida, aka zuba shinkafa da miya kala-kala. Vinodini ta gama rabo ta zo zama, sai ta tarar da ganyenta daban: shinkafa, tulin gwanda, da kofin riɗi a gefe. Ana zuba wa kowa kunun payasam mai madara da sukari, aka tsallake ta.

Kawu ya gyara murya. Ya ce yarinyar nan ta Shoranur ta ba shi kunya, ta ji tsoron aikin, dama tun tana shagonsa hannunta na rawa. Amma ba komai, akwai wani gidan jinya a kan dutse wajen Nelliyampathy, kwana ashirin da ɗaya, babu gishiri, babu waya. Ya ce Vinodini ta nemi hutu a makaranta.

"Ba zan je ba, Kawu."

Cokalin rabon payasam ya tsaya a sama.

"Ba zan je ba don lafiyata ƙalau. Wata shida da suka wuce na je asibiti a Thrissur aka saka min roba a mahaifa don jinin ya ragu. Ya ragu. Abin da kuke ta nema ku dawo da shi, ni na je aka raba ni da shi."

Ƙaramar ƙanwar mijin ta tura 'ya'yanta su je su wanke hannu, alhali ba su gama ci ba.

"Roba," in ji Karthyayani a hankali. "A cikinki. A gidan nan." Ta juya ga ɗanta. "Sada, ka ji abin da matarka ta aikata a bayan idonka?"

Sadanandan ya buɗe baki, ya zaro ido, ya shirya fuskar mamaki mai kyau, har da ɗora hannu a kai.

"Shi ya tuƙa motar, Mama," in ji Vinodini. "Shi ya sa hannu a takarda. Ranar firji."

Hannun ya sauko daga kai a hankali ya koma cikin shinkafa.

"Shi ya sa har yau ban ga firjin ba," in ji tsohuwar.

Duk ido ya koma kan Kawu. Ya tauna abin da ke bakinsa, ya haɗiye, ya sha ruwa.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar farko na ji baƙon abu a bugun jijiyar. Na yi shiru ne in ga ko za ta faɗa da kanta."

"Wata uku kana ɗura min man zurma da gwanda don ka ga ko zan faɗa?"

"Bai yi miki illa ba. Dubi kumatunki."

Matar Kawu, wadda a shekara ashirin Vinodini ba ta taɓa jin ta gama jimla a gaban mijinta ba, ta saki wata dariya ta toshe baki da gefen sari, dariyar ta ƙi toshewa. Vinodini ta miƙa hannu ta karɓi cokalin daga hannun ƙanwar mijinta, ta zuba wa kanta payasam har ya malalo gefen ganye.

Kawu bai sake zuwa cin abincin Lahadi ba sai bayan wata biyu, da ya dawo kuma hannun kowa yake kamawa ban da nata. Karthyayani ta kwana tara ba ta yi mata magana ba. Ɗanta kuwa sai da ya yi wata guda yana zuba wa kansa abinci. A unguwa ta baza cewa maganin yayanta ne ya gyara yarinyar, robar kawai ta tarar da aiki an gama.

A rana ta goma Vinodini na goga kwakwa a bayan kicin, tsohuwar ta zo ta zauna a kan turmi tana tsince shinkafa.

"Da zafi, sakawar?"

"Kaɗan, Mama. Minti biyar."

"Minti biyar." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ni bayan haihuwar Sada shekara goma sha huɗu na yi. Sai in fita rafi tun duhu da tsummokarana kada surukata ta gani. Rannan na faɗi a bakin ruwa, wata mai wanki ce ta ja ni. Babanmu yana da rai lokacin, shi ma ya kama hannuna ya ce zafi ne."

Vinodini ta daina gogar.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"In faɗa miki me? Na ɗauka haka mata suke." Ta miƙe tana kaɗe zani. "Wannan kwakwar ta yi gari da yawa, sai ka ce ba a gidan mutane kika tashi ba."

A watan Disamba makaranta ta shirya kai 'yan aji goma Kanyakumari, tafiyar awa tara a bas. Shugaba na neman malaman rakiya, ta tsallake sunan Vinodini kamar yadda ta saba, Vinodini ta ce a rubuta ta. Ta sa farin sari mai bakin zinariya, ta zauna a kujerar gaba kusa da direba, ta sha kofi a duk tashar da aka tsaya. Yara arba'in da biyu suka yi ta ihu da waƙa tun daga Palakkad, uku suka yi amai, ɗaya ta ɓatar da takalmi a teku. Da ta dawo Sadanandan ya tambaye ta ya tafiya, ta ce wuyanta ya ƙage, kuma baɗi ma da ita za a je.